Abin Shan Sallah na Gida: Yadda Ake Haɗa Zoɓo, Kunun Aya, Ruwan Tsamiya da Kunun Zaƙi Ba Tare da Sun Lalace Ba

Haɗa zoɓo ko kunun aya ba shi da wuya, kusan kowane gida akwai wadda ta iya. Inda ake samun matsala ranar sallah shi ne yawa da zafi. Abin da aka saba yi na mutum biyar sai a yi na mutum arba'in, ga shi a shekarun nan sallah tana faɗowa cikin bazara, lokacin da zafi ke kai maki 40 a Kano da Sakkwato da Maraɗi, wuta kuma ba tabbas. Duk abin sha mai sukari da aka ajiye cikin ɗumi yana fara canzawa tun daga sa'ar da aka gama shi. Don haka tsarin aikin ya dogara ne a kan sanin wanne ke jure ajiya da wanne ba ya jurewa. Zoɓo da tsamiya suna da tsamin da ke kare su, ana iya yin su tun da wuri. Kunun zaƙi yana tsaka-tsaki. Kunun aya kuwa ba ya yafiya ko kaɗan.

Lissafin yawa da ranar fara aiki

A ƙiyasta wa kowane mutum kofi biyu, wato kusan rabin lita zuwa mililita 600. Gidan da ke sa ran mutum 30, har da yara 'yan yawon sallah, zai buƙaci lita 15 zuwa 18, a yi lita 20 don kada ya gaza. Idan akwai kai wa surukai da maƙwabta, a ƙara lita ɗaya da rabi ga kowane gida. Rabon da ya fi dacewa shi ne zoɓo ya ɗauki rabin adadin, lita 10, tsamiya lita 4, sauran a raba tsakanin kunun aya da kunun zaƙi. Mutane sukan so su yawaita kunun aya don shi baƙi suka fi yabawa, amma shi ne ya fi tsada kuma shi ne ake zubarwa da yamma.

Babbar Sallah tana da sauƙin shiri, tunda ana sanin ranarta da zarar an ga watan Zulhajji. Ƙaramar Sallah ce ke rikita uwargida, domin sai da yammacin ranar 29 ga Ramadan ake jiran sanarwar ganin wata. Dabarar ita ce a yi tsantsar zoɓo da ta tsamiya da ruwan sukari ranar 28 ko safiyar 29, tunda kwana ɗaya na ƙari ba zai cutar da su ba. Aya kuma a wanke ta a shanya a ajiye, kada a jiƙa sai an ji sanarwa. Idan an ji bayan isha'i aka jiƙa, da asuba ta yi laushin markaɗe.

Ruwa, ƙanƙara da mazubi

Duk ruwan da zai shiga abin sha ba tare da ya hau wuta ba, a tafasa shi tun jiya a bar shi ya huce a rufe. Wannan ya haɗa da ruwan tatar aya da ruwan sirka zoɓo. Ƙanƙarar da ake saya a leda ba a san ruwan da aka yi ta da shi ba, saboda haka wurinta cikin kula, a jikin robobi, kada a fasa ta cikin abin sha. Amai da gudawa bayan taron biki sau da yawa daga nan yake fitowa, sai a ɗora wa nama laifi.

Jarka da bokiti mai murfi a wanke su da sabulu, a ɗauraye da ruwan zafi, a kife su bushe. Jarkar da ta taɓa ɗaukar kunu ta yi tsami tana riƙe ƙwayoyin da suka tsamar da shi a lungunan murfi da maɗauki, kuma su za su fara aiki a kan sabon da aka zuba. A sa buroshi a wanke zaren murfin. Robobin ruwa da aka tsinto a kwandon shara ko aka saya wurin masu tara su ba su dace da abin da iyali za su sha ba.

Ruwan sukari

A zuba sukari kilo 1 a ruwa lita 1, a ɗora a wuta, a juya har ya narke, a bar shi ya tafasa minti biyu, a sauke. Zai ba da kusan lita ɗaya da rabi da ɗan ɗoriya. Kowane mililita 100 na ɗauke da sukari kusan giram 60. Amfaninsa uku ne: yana gauraya nan take ko da abin shan ya yi sanyi, an riga an dafa shi, kuma yana ba da damar ajiye zoɓo da tsamiya babu sukari har zuwa ranar sha, wanda shi ne babban abin da ke tsawaita kwanansu. Haka kuma za a iya ware jarka guda marar zaƙi don Baba ko Hajiya masu ciwon sukari, ba sai an yi musu nasu daban ba.

Zoɓo

Na lita 10 ana buƙatar busasshen zoɓo giram 400, wato kusan kofin shayi goma zuwa goma sha biyu, ɗanyar citta giram 150, kanumfari cokalin cin abinci ɗaya, da ɓawon abarba guda da aka goge shi sosai kafin a fere. Wajen saye a zaɓi zoɓo mai duhun ja, wanda ya bushe ƙarau, babu warin ruma. Mai haske ya fi tsami, mai duhu ya fi ba da kala. Jigawa da Kano da Katsina na cikin manyan wuraren nomansa, har ana fitar da shi zuwa Meziko inda su ma suke shan sa, don haka a kasuwanninmu akwai zaɓi, ba dole a ɗauki na ƙasan buhu mai yashi ba.

A zuba zoɓon a ruwan sanyi a cuɗa sau ɗaya ko biyu da sauri a tsame. Idan aka bar shi ya jiƙa a ruwan wanki, kalar da ake nema ce ke tafiya. Yashi yana kwanciya a ƙasan roba, shi ya sa ake tsamewa da hannu maimakon a juye.

A ɗora ruwa lita 6 da dakakkiyar citta da kanumfari da ɓawon abarba, su tafasa minti 15. Sannan a zuba zoɓon, a rage wuta, minti 10 ya isa. A kashe, a rufe, a bar shi minti 40 zuwa awa ɗaya. Doguwar tafasa ba ta ƙara ƙarfi, sai dai ta dusashe ja ya koma ruwan ƙasa, ta kuma fito da ɗaci da bauri. A tace da rariya, a sake tacewa da ƙyallen tatar koko. Za a samu tsantsa kusan lita 5. Ranar sha a sirka ta da dafaffen ruwa lita 5, a sa ruwan sukari mililita 120 ga kowace lita, a ɗanɗana, a ƙara idan ana so.

Tukunyar dalma ba ta dace da zoɓo ba. Tsaminsa yana cin jikinta, shi ya sa cikin tukunyar ke yin fari tas bayan an dafa, zoɓon kuma ya ɗauki ɗanɗanon ƙarfe. A yi amfani da tukunyar silba wadda ba ta tsatsa, ko mai fenti a ciki da bai ɓare ba. Idan babu sai ta dalma, a tafasa ruwan da kayan ƙamshi a cikinta, sannan a juye a kan zoɓon cikin wani mazubi mai jure zafi.

Wasu na jefa kanwa don kashe tsami da rage kashe kuɗin sukari. Tana yin aikin, amma da tsada biyu. Jan zoɓo yana tsayawa ne muddin akwai tsami, da zarar kanwa ta shiga sai ya koma baƙi-baƙi. Na biyu, tsamin nan shi ke hana ƙwayoyin cuta sakewa, don haka zoɓon da aka sa wa kanwa ya fi saurin lalacewa. Idan tsami ya yi yawa, ƙarin ruwa ne maganinsa.

Markaɗaɗɗiyar abarba, kokwamba, kankana ko na'a-na'a duk suna ƙara daɗi, amma ɗanyu ne. A zuba su a abin da za a sha cikin awanni kaɗan kawai, kada su shiga tsantsar da za ta kwana. Tsantsa marar sukari tana kai kwana huɗu zuwa biyar a firji mai sanyi. Zoɓon da aka gama haɗawa kwana biyu ne a firji, a waje kuma yini ɗaya.

Zoɓo yana ɗan sauke hawan jini. Wanda ke shan maganin hawan jini ya tsaya a kofi ɗaya ko biyu, mai juna biyu ma ta taƙaita.

Kunun aya

Na lita 4 zuwa 5: busasshiyar aya kilo 1, dabino giram 250 da aka cire wa ƙwallo, kwakwa ɗaya, ɗanyar citta kamar girman babban yatsa, kanumfari ƙwara biyar ko shida.

Aikin farko shi ne tsinta, kuma nan ne mafi yawan kunun aya ke samun illa. A baza ayar a faranti a cire tsakuwa da baƙaƙe da waɗanda ƙwari suka huda. Ƙwara kaɗan ruɓaɓɓu sun isa su ba lita biyar wari. A zuba a ruwa, duk wadda ta taso sama a kwashe a zubar, fanko ce. A cuɗa da ƙarfi a ruwa uku ko huɗu har ruwan ya fita fes, a rege don yashi. Aya a cikin ƙasa take girma, kuma kunun ba ya hawa wuta, don haka duk abin da wanki bai cire ba baƙo zai sha. Bayan wanki a zuba mata tafasasshen ruwa na minti ɗaya a tsiyaye. Wannan yana rage ƙwayoyin da ke jikin ɓawo ba tare da ya dafa cikin ba.

A jiƙa awa 8 zuwa 12. Idan da wuri a firji, can ya fi. Idan babu, a canza ruwan sau ɗaya cikin dare, domin a zafin bazara ruwan jiƙo kan fara kumfa kafin gari ya waye, kuma kunun da aka yi da irin wannan aya ya riga ya tsufa tun kafin a tace shi. Ɗanyar aya ba ta buƙatar jiƙo fiye da awa ɗaya ko biyu. Dabino a jiƙa shi daban, minti 30 a ruwan ɗumi.

Wajen markaɗe, blanda ta gida ta fi aminci ko da za a yi kashi-kashi. Idan dole sai an kai inji, a je da sassafe kafin a markaɗa wake da tattasai, a sa mai injin ya wanke shi a gaban ido, a kuma tafi da ruwan gida. Injin da ya kwana da ragowar ƙullun jiya shi ne sanadin kunun da ke yauƙi kafin azahar. A yi amfani da ruwa mai sanyi sosai, domin markaɗe da kansa yana ɗumama ƙullu.

A tace da ƙyalle mai tsafta, a matse, a sake zuba ruwa a tuƙar a matse karo na biyu. Jimillar ruwa kada ta wuce lita 4 zuwa 4 da rabi, in ba haka ba ya zama tsararo. Dabino yakan wadatar wajen zaƙi, idan bai isa ba a ɗiga ruwan sukari.

Daga tata sai sanyi, ba tare da an tsaya ba. A zuba a ƙananan robobi, don sun fi babbar jarka saurin ɗaukar sanyi, a kai firiza ko a nutsa su cikin ƙanƙara a kula. A zafin ɗaki awa uku zuwa huɗu sun isa ya fara juyawa. A firji mai sanyi sosai yana kai kwana biyu. Kada a yi tunanin tafasa shi don ya daɗe: aya tana da sitaci, idan ta ji zafi sai kunun ya yi kauri kamar koko, ɗanɗanon ɗanyar aya ya tafi. Farin abin da ke kwanciya a gindin roba shi ne sitacin, girgizawa kawai yake so. Alamar lalacewa daban take: yauƙi idan an tsiyaya, tsami, kumfa, ko roba ta kumbura. Kwakwa da madara suna ƙara saurin lalacewa, don haka wanda za a aika nesa gara a yi shi babu su.

Ruwan tsamiya da citta

Wannan shi ne mafi sauƙi, kuma shi ya fi dacewa da ranar cin naman layya don yana yanke maiƙo. A ɗauraye tsamiya giram 350, a zuba mata tafasasshen ruwa lita 2, a rufe awa ɗaya. A murje da hannu mai tsafta ko ludayi, a tace. A dafa citta giram 100 da kanumfari kaɗan da masoro a ruwa lita 1 na minti 10, a tace a haɗa. Ranar sha a cika zuwa lita 4 ko 5, a sa ruwan sukari. Sabuwar tsamiya ja ce mai haske, tsohuwa baƙa ce kuma ta fi kaifi, sai a rage adadinta. Kada a yawaita wa yara, tana saki ciki.

A nan ya kamata a ja kunne kan ɗan tsami, wato farin garin da ake sa wa abin sha don ya yi tsami, da garin lemo da ake aunawa a leda babu suna. A watan Maris na 2021 ɗaruruwan mutane sun kwanta asibiti a Kano, wasu sun rasu, bayan shan lemon da aka haɗa da irin waɗannan kayan, kuma hukumar NAFDAC mai kula da ingancin abinci da magunguna ta gano cewa wani sinadari mai guba aka sayar da sunan ɗan tsami. Mai tsamiya da lemon tsami da zoɓo a hannu ba ya buƙatar farin gari don samun tsami. Idan za a sa filebo ko kala, a sayi mai lambar rajista da ranar ƙarewar aiki.

Kunun zaƙi

Na kusan lita 7: gero kilo 1, ɗanyen dankalin Hausa giram 300 ko busasshe rabin haka, citta giram 60, kanumfari cokali ɗaya. A wanke gero a rege, a jiƙa awa 12 zuwa yini da kwana, ana canza ruwa. A markaɗa shi da citta da kanumfari, dankalin kuma a markaɗa daban.

A raba ƙullun gero uku. Kashi biyu a dama su da ruwa kaɗan, a sheƙa musu tafasasshen ruwa kusan lita 5 ana juyawa har su yi kauri. A bar shi ya huce zuwa yadda za a iya tsoma yatsa na ɗan lokaci, da sauran zafinsa. Sannan a zuba kashi na ukun da dankalin, a juya sosai, a rufe. Wannan matakin shi ne sirrin kunun. Ɗanyen dankali yana ɗauke da sinadarin da ke narkar da dafaffen sitaci ya mayar da shi sukari, shi ya sa kunun ke tsinkewa ya yi zaƙi da kansa. Idan aka zuba shi cikin tafasa, zafin ya kashe sinadarin, kunun ya tsaya da kauri. Idan aka bari ya yi sanyi ƙalau, aikin ya yi nawa, tsami ya riga zaƙi zuwa. Masu sa tsiron shinkafa ko na dawa wannan aikin suke nema.

Bayan awa 8 zuwa 10 a tace, a daidaita kauri da dafaffen ruwa, a sa sukari, a kai sanyi. A lokacin zafi kada a wuce awa 8. Don ƙaramar sallah, a jiƙa geron da safiyar 29. Idan an ga wata, a markaɗa a dama da dare a tace da asuba. Idan ba a gani ba, a canza ruwan a jinkirta markaɗen zuwa washegari.

Inda tsami ke komawa giya

A iska da jikin 'ya'yan itace da mazubi akwai yis da ido ba ya gani. Idan ya samu sukari da ɗumi sai ya ci, ya fitar da iska da barasa. Haka ake samun giyar inabi, haka ake samun burukutu daga dawa da bammi daga ruwan kwakwar manja. Zoɓo mai sukari da abarba da aka toshe a jarka aka bari kwanaki cikin zafi hanya ɗaya yake bi. Alamominsa: jarka ta yi tauri, murfi ya yi tsit idan an buɗe, kumfa na tasowa, zaƙi ya ragu, harshe na jin yaji-yaji. Tsamin kunun zaƙi na kwana ɗaya ba wannan ba ne, irin na nono ne. A hadisin Ibn Abbas da ke Sahih Muslim, ana jiƙa wa Annabi (SAW) zabibi, yana sha har zuwa yammacin rana ta uku, abin da ya rage a bayar ko a zubar. A yanayinmu, ba tare da firji ba, abin sha mai sukari ba ya ma kai wannan wa'adin. Wanda ya nuna alamun nan a zubar, ƙarin sukari ko sake tafasawa ba ya gyara shi.

A gidajen Kirista na Jos ko Kafanchan inda ake sa giyar inabi a teburin Kirsimeti, kuma dangi sun haɗa addinai biyu, a ware mata teburinta da kofunanta, nesa da zoɓo, don jar giya da zoɓo kala ɗaya suke a kofi. Kada a haɗa ta cikin abin sha na kowa da kowa. Bai kamata yara da masu juna biyu da masu tuƙi su taɓa ta ba. Kwalaben da ake sayarwa da sunan marar barasa iri biyu ne: akwai ruwan inabi mai gas da bai taɓa zama giya ba, akwai kuma giyar da aka cire wa barasa, wadda kan rage har rabin kashi ɗaya cikin ɗari. A karanta takardar jikin kwalba kafin a kai wa suruki.

Ranar sha

Firjin da ba a buɗewa yana riƙe sanyi kusan awa huɗu bayan ɗauke wuta, firiza cikakkiya kuma har kwana biyu. Don haka a daskarar da rabin zoɓo da tsamiya tun jiya, a bar sarari yatsa uku a saman kowace roba don kada ta fashe. Daskararrun su za su zama ƙanƙarar kula, su riƙe kunun aya da sanyi, su narke daidai lokacin baƙin la'asar.

A fitar da kaɗan-kaɗan, jug ɗaya a lokaci guda. Kunun aya ya fara fita, bayan saukowa daga idi, a fara da ɗakin maigida da na tsofaffi, shi ne kuma za a fara aikawa gidan surukai, a gaya wa ɗan aike ya ce, "Umma ta ce a sa a firji yanzu." Kunun zaƙi da rana, zoɓo da tsamiya har dare da washegari. Kada a ƙara sabo a kan ragowar da ya jima a waje, kuma kada a bar yara suna tsoma kofin da suka sha cikin bokiti, a sa ludayi mai dogon hannu da mutum ɗaya mai zubawa. Jariri da bai kai shekara ɗaya ba kada a ba shi abin da aka sa wa zuma. Ragowar tsantsar zoɓo da ba a sirka ba a zuba ta a ƙananan robobi a daskarar, tana kai wata biyu zuwa uku a firiza idan wuta ba ta yanke har ta narke ba.